Kafaɗar Hagu ta Warsiti

Ranar Lahadi da hantsi wata tifa mai ɗauke da yashi ta shigo mana ta hagu a kwanar kasuwar Muntilan. Ni ke tuƙi. Matata Warsiti tana gefena, ta rungume kwanon kai abinci, irin na ƙarfe mai hawa uku, ta manna shi a cikinta don kada miyar da za mu kai wa yayarta ta zube. Miyar ba ta zube ba. Shi ne labari na farko da aka ba ni da na farfaɗo, sai ka ce shi na tambaya.

Ni sitiyari ne ya karɓe ni. Muƙamuƙina ya karye gida biyu, haƙorana suka kusa raba harshena, wuyan hannuna duka biyun suka karye saboda na dafe gaba, ƙoƙon gwiwata ta dama ya tsage. Ba ni da ƙorafi a kan likitocin, aikinsu suka yi. Sun ɗinke harshen, sun haɗa haƙoran sama da na ƙasa sun ɗaure da waya don ƙashin ya kama, sun zuba hannuwan cikin filasta har kan yatsu, sun miƙar da ƙafar sun ɗaure. Sun tura ni cikin injin ɗaukar hoton kai, aka ce ƙwaƙwalwa ta girgiza amma jini bai taru ba. Abin da ya rage mini a duniya shi ne ido biyu babu tabarau, da ƙafar hagu, da wani gurnani irin na saniya da ke fitowa ta bayan leɓɓa masu kumburi.

Warsiti da ƙafarta ta fito daga motar. Ɗinki aka yi mata a gira. Likitan ɗakin gaggawa ya danna cikinta, ya tambaya ko akwai inda ke ciwo, ta ce babu komai. Ya ce ta kwana a sa mata ido, ta nuna ni ta ce, wancan fa wa zai kula da shi? Macen Jawa ce mai shekara sittin. Ko kanta ne ta shigo da shi a hannu, babu komai za ta ce, ta kuma ba su haƙuri don ta ɓata musu daɓe.

Aka kai ni ɗakin masu karaya. Duk wanda ke ciki titi ne ya aiko shi. Akwai wani ɗalibi da aka tallafe wuyansa da abin wuya mai tauri, yana juyowa da dukkan jikinsa in an kira shi. Akwai wani dattijo da haƙarƙarinsa ya huda huhu, an sa masa roba a gefen ƙirji tana tsiyaya cikin kwalba, nas kuma kullum tana tsaye a kansa sai ya ja dogon numfashi ya yi tari, yana tsine mata a hankali. Gadon da ke kusa da ni na Tugiman ne, direban ƙaramar bas, wanda aka zura wa sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya. A ƙarƙashin kowane gado akwai tabarma, a kan kowace tabarma akwai mace. Su ke wanki, su ke ba da abinci, su ke juya mutum. Ba a lissafa su cikin marasa lafiya, ba a lissafa su cikin ma'aikata.

Tugiman ƙafarsa ce ta karye, bakinsa lafiya lau. Tun ranar farko ya naɗa kansa tafintana.

Warsiti tana ɗura mini shayi da sirinji ta gefen baki, inda haƙori guda ya fita ya bar ƙofa. Na yi gurnani saboda ya yi zafi.

"Pak Darmaji ya ce sukari ya yi kaɗan, Bu," in ji Tugiman. Darmaji ni ne; mu nan Pak ake ce wa magidanci, Bu kuma uwargida, Mas da Mbak kuwa kamar a ce yaya, namiji da mace.

"Ban tambaye ka ba, Mas Tugiman."

"Ai gwamnati ce ta ajiye ni nan saboda shi. Yanzu ma ya ƙara da cewa kin fi duk matan ɗakin nan kyau."

"To yanzu na san ƙarya kake. Shekara talatin da wani abu bai taɓa faɗar haka da baki a buɗe ba, sai yau da aka ɗaure shi?"

Matan ƙarƙashin gadaje suka yi dariya. Ita ma ta fara, sai ta tsaya a tsakiya ta dafe kafaɗarta ta hagu.

Aikina kafin in yi ritaya gyaran kurakuran rubutu ne a wata maɗaba'a a birnin Yogya. Duk abin da aka kawo na karanta: littattafan lissafi, na girki, na kiwon kifi, waƙoƙin mutanen da bai kamata a bar su kusa da alƙalami ba. Akwai wani ƙaton littafin koyar da aikin nas da aka yi ta sake bugawa, ni kuma na yi ta sake karantawa har ya zauna mini a kai kamar karatun sallah. A cikinsa akwai sakin layi a kan saifa. Tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, cike take da jini, wata fata siririya ce ta lulluɓe ta. Idan ta bugu, takan fashe daga ciki fatar ta riƙe jinin, mutum ya tashi ya ci gaba da harkarsa kwana da kwanaki. Idan jinin ya fara yoyo ya taɓa shimfiɗar da ke ƙarƙashin huhu, ba a ciki ake fara jin ciwon ba. A kafaɗar hagu ake ji.

Na kalli kwanon abincin, wanda yanzu a cikinsa take kawo mini kunun shinkafa. Hawan tsakiya ya lotsa ta gefe guda. Ƙarfe ne mai kauri, tun na aurenmu. Ba da jikin mota ya lotsa ba.

Ranar Laraba yayarta Parmi ta zo da ayaba da ba zan iya ci ba da kuma ra'ayoyi.

"Ti, me ya sami kafaɗarki kike ta murza ta?"

"Tun jiya take damuna, Mbak. In na kwanta sai ta ƙaru. A zaune na yi barci."

"Iska ce ta shige ki. Kina kwana a ƙasa, ga fanka a kanki, ga taga a buɗe. Cikinki fa, ya kumbura?"

"Kaɗan."

"To me kike jira? Juyo."

Mu nan babu cutar da iska ba ta kawowa. Ka hau babur babu riga mai kauri, ka zauna a bakin ƙofa, ka sha ruwan sanyi da yamma, ta shige ka, ta zauna a gaɓoɓi da ciki, kuma kerokan ne ke fitar da ita, wato kankare fata da ƙwandala. Parmi ba ta fita gida babu tsohuwar ƙwandalarta da kwalbar man zafi. Ta ja labulen gadona, ta zaunar da Warsiti a kan tabarma, ta ɗage mata riga. A nan na gani. Ko babu tabarau na gani, don ba ta fi taku ɗaya daga fuskata ba: shati baƙi-baƙi a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, lanƙwasasshe, daidai gefen kwano.

Parmi ba ta gaba take ba. Baya ta shafa wa mai, ta riƙa jan gefen ƙwandalar daga ƙashin baya zuwa waje, layi bayan layi, har jikin ya yi ja kamar ƙayar kifi. Da ta zo kafaɗar ta ƙara dannawa.

"Kai, Ti, da kina ganin nan. Ya yi baƙi ƙirin. Wannan iskar ta daɗe a ciki."

Warsiti ta yi gyatsa, ta ce ta ji sauƙi. Na yarda ta ji. Ba na cikin masu cewa kerokan shirme ne. Warsiti kanta ta sha yi mini, na kuma yi barci mai daɗi a bayansa. Fata ta yi zafi, ka manta da na ciki. Shi ke nan aikinsa, kuma ya yi aikinsa.

Na buga ƙarfen gado da ƙafar hagu.

"Me kuma likitan takarda yake so?" in ji Parmi. Haka take kirana tun lokacin da na ce tarin maƙwabcinta na fuka ne ya zamana ƙurar injin niƙa ce. Ta fiddo doguwar ɗamara ta naɗe wa ƙanwarta ciki tam, wai don kada wata iskar ta sami hanya. Shatin ya ɓace a ƙarƙashin zane.

Muna da tsari ni da Warsiti: ƙifta ido sau ɗaya i, sau biyu a'a. Bayan Parmi ta fita sallah ta matso.

"Ruwa, Pak?"

Biyu.

"Fitsari?"

Biyu.

"Matashin ne ya zame? Ƙafar ce ke ƙaiƙayi? Wayar ce ke sukar dasashi?"

Biyu, biyu, biyu. Matsalar wannan tsarin ita ce ba ya kai ka ko'ina sai inda mai tambaya ya riga ya yi tunani. Ta zagaye jikina daga kai zuwa ƙafa. Nata jikin ba ya cikin jerin. Na ɗaga filasta na nuna cikinta, na nuna kafaɗar, na nuna ƙofa.

"Ya ce kin yi tumbi, Bu," in ji Tugiman ta bayan labule.

Ba ta kula shi ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro mai tsoron tsawa.

"Na gane. Likita kake so in gani."

Ɗaya. Na matse idon har sai da ya yi mini ciwo.

"Sun riga sun duba ni, ka manta? Iska ce, kuma ta fita, Mbak Parmi ta ce bayana kamar an yi gobara. Kai dai ka karanta abubuwa da yawa, Pak. Shekarar da ka ce ina da ciwon sukari fa? Wata guda ka hana ni shayi a banza." Ta ɗaga kaina ta gyara matashin da babu abin da ya same shi. "Idan an kwance maka baki ka yi mini bayanin duka, da lambar shafi."

Na sa rai da zagayen likitoci na safe. Amma a wannan ɗakin, kafin likitoci su shigo nas takan tafa hannu, matan su naɗe tabarmi su fita baranda. Likita bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba sai dai ta baya. Wanda ya zo ranar Alhamis matashi ne mai natsuwa. Ya duba wayar, ya matsa yatsuna ya ga jini na gudu, ya ce kumburin harshen ya fara saɓewa, nan da 'yan kwanaki za a fara gane maganata. Na yi gurnani, na nuna ƙofa, na bugi kafaɗata ta hagu da filasta.

"Kafaɗar na ciwo, Pak?" Ya taɓa, ya juya ta.

Biyu. Na sake nuna ƙofa.

"Matarsa yake nema, Likita," in ji Tugiman. "Ba ya iya minti biyar babu ita. Amarci suke ci."

Ɗalibai masu fararen riguna suka yi dariya. Likitan ya dafa ni ya ce yanzu za ta dawo, ya ce wa nas a ɗauki hoton kafaɗata in ciwon ya ci gaba, sannan a lura ko ina yawan rikicewa, saboda kan da ya bugu yakan nuna halinsa daga baya. Mutumin ya san aikinsa. Gadon da aka ba shi ya duba.

Da matan suka dawo, Warsiti ce ta ƙarshe, tana bin bango. Ta zauna ta shanye ruwan kwalbata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nemi ƙari. Goshinta ya jiƙe, ga fanka na juyawa.

Tugiman ne ya fara magana, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Bu, fuskarki ta yi fari kamar awara. Lafiya kuwa?"

"Rashin barci ne, Mas."

"Ni dai na ɗauki fasinja da yawa. Wannan ba fuskar rashin barci ba ce." Ya kira nas da ke wucewa da tire. "Mbak, dubi matar nan don Allah."

Nas ɗin ta tsaya, ta riƙe wuyan hannunta, ta ɗan ɓata fuska. Ta ce bugun yana sauri, ta sauka ƙasa ɗakin gaggawa yanzu a buɗe mata kati a duba ta, ita ba ta da ikon yi mata komai a nan. Na so in tashi in sumbaci takalmin yarinyar nan.

"To," in ji Warsiti. "Bari in ba shi kununsa tukuna."

"Ki je yanzu, Bu."

"Yanzun nan. Kada ya huce."

Nas ta wuce, tana da mutum mai roba a ƙirji da ke jiranta. Warsiti ta buɗe kwanon, ta zuƙo kunu a sirinji. Na kawar da kai. Lissafina shi ne in na ƙi sha za ta haƙura ta tafi.

"Ba inda za ni sai ka sha."

Sai na juyo na sha. Na zuƙa da sauri har na ƙware, ta tsaya tana bubbuga mini ƙirji, ta jira tarin ya lafa, ta ci gaba a hankali fiye da da. Sirinji ɗaya cokali biyu yake ɗauka. Ban taɓa tsanar shinkafa kamar ranar ba. Da muka kusa gamawa ta share mini baki ta fara haɗa kwanukan.

"Bari in ɗauraye waɗannan, kada tururuwa su taru, sai in sauka."

Na sa ƙafar hagu na shure kwanon daga hannunta.

Ƙarar ta cika ɗakin. Sauran kunun ya watsu a daɓe. Ta kalle ni, ba da fushi ba, da kunya, irin ta macen da mijinta ya tozarta ta a gaban baƙi. Ta ba wa maƙwabta haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauko tsumma ta durƙusa, ta naɗe cikinta biyu, ta fara goge ƙasa.

Na ci gaba da dukan gado. Nas biyu suka zo da wani ƙato mai tura keke. An faɗa musu su lura ko zan rikice, ga shi na rikice. Suka danne ƙafar, aka yi mini allura, aka ce a maimaita hoton kai. Ina jin Tugiman yana cewa, "Ba shi ba ne, matar ce, ku duba matar," amma mutumin da ya kwana huɗu yana zolaya ba a juyowa don ya yi magana. Abu na ƙarshe da na gani shi ne Warsiti tana bin gadona a dogon baranda, hannu ɗaya a kan ƙarfen, ɗaya riƙe da kwanon. Ta raka ni har ƙofar ɗakin hoto. Ƙofar da ke kusa da ita, aka ce mini daga baya, ita ce ta ɗakin da ake duba ciki. Hoton kaina ya fito lafiya lau, karo na biyu.

Na farka da la'asar. An naɗe tabarmar an jingine ta da bango. Tugiman yana kallon rufi.

"Pak," ya ce, bai juyo ba. "A wajen famfo ta faɗi. Tana wanke kwano."

Sun yi gaggawa, kowa ya shaida. Sun shiga da ita tiyata, sun cire saifar, sun ƙara mata jini leda bayan leda. Zuciyarta ce ba ta jira ba. Washegari bayan sallar Juma'a aka binne ta a ƙauyensu, ina kwance ana ɗura mini shayi ta gurbin haƙori. Matar Tugiman ce ta karɓi sirinjin.

Likitan da ya yi mata aiki ya zo da kansa, dattijo ne mai furfura. Ya ja kujera ya yi mini bayani dalla-dalla, da kalmomi masu sauƙi, yadda saifa take a ƙarƙashin haƙarƙari, yadda fatarta kan riƙe jini kwanaki kafin ta saki. Ya ce sun ga layukan ƙwandala a kafaɗarta, sai suka gane inda ta riƙa jin ciwon. Ya ce yawancin mutane ba su san ciwon kafaɗar hagu bayan hatsari abin gudu zuwa asibiti ba ne, da an faɗa musu ko da kwana ɗaya kafin nan, da aikin mai sauƙi ne. Ya tambaye ni ko na gane.

Na ƙifta sau ɗaya.

Parmi tana da nata bayanin, kuma har yau ba ta sauya ba. Iskar ce ta zauna ta kai ga zuciya. Da ta zo tun ranar Litinin ta kankare ta da wuri, da ƙanwarta na nan. Tana kuka in ta faɗi haka, kukan gaskiya. Ita ce ta kawo ni asibiti ranar da za a kwance wayar, ita ta ɗauko mini kwanon daga wajen nas, an wanke shi, lotsewar tana nan.

Matashin likitan ya yanke wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa yatsa ya buɗe muƙamuƙin kaɗan. Ya ce zai yi tauri na wani lokaci, in riƙa motsa shi, abinci mai laushi tukuna.

"To, Pak Darmaji. Faɗi wani abu mu ji."

Parmi ta matso. "Yi magana mana, likitan takarda. Duniya ta huta da bakinka ya isa."

Na ce na gode. Muryar ta fito kamar ta wani.

Ina da wata maganar, amma ba tasu ba ce. Tun ranar Larabar nan na fara shirya ta, ina kwance, saboda ina sa ran harshen zai saɓe kuma na san ba zai ɗauki dogon zance ba. Da farko sakin layi ce cikakkiya, da saifa da fata da shimfiɗar huhu. Na yi mata abin da na iya, na riƙa yanke duk kalmar da za a iya rayuwa babu ita, ina gwada sauran a bayan haƙora, har ta dawo abin da mutum mai ɗinki a harshe zai iya fitarwa da numfashi ɗaya. Ranar Alhamis da safe ta kammala. Ban sake taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba.

Bu, ajiye kwanon. Jini ne, ba iska ba.